Kalmar da Kwamanda Ya Hana a Faɗa

Idan ka shiga unguwar New Bell a birnin Duwala ta wajen layin dogo ka ce a nuna maka gidan Malam Ɗanlami, sai an tsaya ana tambayarka wane Ɗanlamin. Amma ka ce gidan Kwamanda, tun ba ka rufe baki ba za a fara murmushi a miƙa hannu. Mutumin nan bai taɓa sa kakin soja ba, ko bindigar toka ban jin ya taɓa riƙewa. Shekara goma sha tara ya yi yana buɗe ƙofa yana rufewa a wani kamfanin katako da ke Bonaberi. Sai dai in ya zauna a bencin Hammadu mai soya da la'asar ya buɗe bakin nan nasa, ka rantse shi ya hana gadar kogin Wuri faɗawa ruwa.

A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, abin ya faru, lokacin da kamfanoni ke rufewa ana sallamar ma'aikata kowane wayewar gari. Na katakon ma ya bi sahu, Kwamanda ya dawo gida da hularsa da labaransa. Zaman banza ya yi yawa a gari, masu dogon hannu suka samu filin rawa. Mace ta shanya zane ta shiga ɗaki, ta fito ta tarar har igiyar an kwance. Katakon da aka shimfiɗa a kan kwatar ƙofar masallaci ma wani bawan Allah ya ɗauke shi da rana tsaka. Nan dattawan layin suka ce abin ya isa haka, za a kafa kwamitin tsaro a naɗa masa shugaba.

"Shugaba kuma sai an nema?" in ji Kwamanda. "Ga ni a zaune?"

"Ai a zaunen muka san ka," in ji Hammadu yana juya nama a kan waya. Bafulatanin Garwa ne, shekara ashirin suna maƙwabtaka, kuma bai taɓa barin maganar Kwamanda ta wuce ba tare da ya barbaɗa mata yaji ba.

"Za ka gani. Zan kawo abin da in ɓarawo ya ji sunan layin nan sai ya canza sana'a."

Washegari ya tsallaka gada ya nufi gidan Baturen kamfanin, wanda ke haɗa kaya zai koma ƙasarsu. Ya san akwai kare a gidan, ya kuma san an rasa inda za a kai shi. Bukar mai dafa wa Baturen abinci, wani dattijon Babarbare, shi ya janyo karen daga bayan gida. Baƙi ne wuluk, girmansa ya kai ɗan maraƙi, harshe a waje, wutsiya sai kaɗawa take.

"Sunansa Biju," in ji Bukar.

"Bijimi aka gajarta," in ji Kwamanda. "Da gani ka san ya ci sunan."

"Kalma uku kawai yake ji. Asi. Kushe. Lash. Tsaya in gaya maka abin da kowace..."

"Kai Bukar! Ni za ka yi wa fassara? Ni da na shekara goma sha tara ina gaisawa da Turawa hannu da hannu? Wannan ai ba ma Faransanci ba ne, Hausa ce tsantsa, harshenka na Barebari ne ya murguɗa ta. A ci. Kashe. Lashe. Wanda ya hori karen nan ya san aikinsa. Ka ce a ci, ya kama. Ka ce kashe, ya gama da mutum. Ta ukun kuwa..." Sai ya rage murya, don shi kansa tsigar jikinsa ta tashi. "Ta ukun ko ƙashi ba zai rage ba."

Bukar ya buɗe baki, ya dubi tulin tukwanen da ke jiransa a sa su a kwali, ya dubi Kwamanda, ya rufe bakin. "Allah ya ba da sa'a," kawai ya ce, ya miƙa masa igiya.

Ba direban tasin da ya yarda ya ɗauke su. A ƙasa suka tako gadar nan, ko in ce Biju ya tako, Kwamanda yana biye a ƙarshen igiya yana tsalle-tsalle. Takalminsa ɗaya yana cikin kogin Wuri har yau. Da suka iso gida, matarsa Sauda tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ɗago kai ta dubi karen, ta dubi ƙafar mijinta.

"Malam, jaki ka sayo?"

"Ma'aikacin tsaro ne."

"Kare a gidan da ake salla?"

"Na gadi ne, malamai sun halatta. Je ki tambaya."

"To me zai yi gadi? Kiriz ta riga ɓarayi shigowa gidan nan."

"Ke dai ki sa ido."

Ta sa idon kuwa, ta ga abin da ya ishe ta. Kafin azahar Biju ya gama da butar alwala, ya mayar da ita rariya. Kafin la'asar ya ci silifas ƙafa uku, ba ɗaya da ta dace da 'yar'uwarta. Halinsa ɗaya ne: in ya damƙi abu sai ya kawo gabanka ya tsaya yana kaɗa wutsiya. Ka kama ka ja, shi ma ya ja, kana huci yana murna, har abin ya rabu biyu. An ce masa "Saki!" bai ji ba. Matar Ɗan Bamileke da ke haya a gidan baya ta leƙo ta katanga ta daka masa "Lef am!" da Turancin kasuwa, ya dube ta ya ci gaba. Hammadu ya gwada da Fulatanci, "Yoofu!" Biju ya ƙara danna haƙori. A kwana huɗu tabarmar baƙi ta zama tsintsiya, katifar soso ta zama abin da yara ke tsinta a layi, eriyar rediyo ta lanƙwashe har ba ta kama komai sai tashar da ake wa'azin coci.

"Horo yake," in ji Kwamanda. "Soja ai ba ya zama haƙori ya yi tsatsa."

"To ka ba shi hularka ya yi horon da ita," in ji Sauda.

Bai ba shi ba. Biju da kansa ya ɗauka a kan taga.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kwamanda ya tara dattawa a bakin layi don su ga aiki da idonsu. Liman ya zo, ya tsaya can nesa yana tattare gefen rigarsa kada yawu ya taɓa ta. Hammadu ya yarda ya zama ɓarawo. Ya naɗe hannunsa da buhu uku, ya saɓa wata tsohuwar tukunya, ya taho yana sanɗa.

Kwamanda ya gyara tsayuwa, ya nuna shi da yatsa. "Biju! A ci!"

Biju ya zauna daram, ya miƙe ƙirji, yana kallon ubangidansa.

Wani tsoho ya yi tari.

"Auna abokin gaba yake," in ji Kwamanda. "Ba a faɗa wa yaƙi da ka. Yanzu ku ja baya, mai raunin zuciya ya rufe ido. Biju! Kashe!"

Biju ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Da Hammadu ya matso, ƙamshin soya ya bugi hancinsa, sai ya mirgina ya ba shi ciki a sosa.

"Kwanton ɓauna ke nan," in ji Kwamanda, gumi na bin wuyansa. "Dabarar manyan sojoji."

"Wallahi na mutu," in ji Hammadu yana sosa cikin karen da ƙafa. "Liman, a zo a yi mini sutura. Amma Kwamanda, wannan kashe ɗin naka, kamar na taɓa jin Turawa suna..."

"Kai dai tsaya a kan yajinka. Faransancin da ka sani bai wuce na kirga tsinke ba."

"To ta ukun fa? Ka ce uku ne."

Fuskar Kwamanda ta canza, kuma wannan karon ba cika baki ba ne, tsoro ne na gaske. "Ta uku ba a faɗinta. Ko a mafarki ba na bari ta zo bakina. Ranar da ta fita, layin nan sai dai a ba da labarinsa."

Dattawa suka dubi juna. Liman ya ce a dakata da naɗin tukuna, a sake duba lamarin bayan sunan jikar Malam Ɗanlami, tunda kowa zai hallara. Gama a makon ne 'yarsu Fauziya, wadda ke aikin ofis take aure a Bepanda, ta haifi 'ya mace, aka kawo ta gida wankan jego.

Tun kwana na biyu da zuwanta Fauziya ta ji ubanta ta taga yana ta "a ci" da "kashe" a tsakar gida. Ta kira shi. "Baba, kalmomin nan da kake faɗa wa karen..."

"Mai jego ba ta shiga harkar tsaro. Sha kununki."

Ta sha kununta.

Ana jibi suna, Sauda ta janyo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Kwamanda na zaune a bakin ƙofa yana ɗinke abin da ya rage na hularsa. Ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga tsofaffin kwanonin aurenta, daga can ƙasa ta fito da wani ƙullin farin ƙyalle ta kwance a hankali. 'Yar tsana ce ta ƙashi, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba. An yi mata kitso da baƙin zare, an ɗaura mata jigida ta 'yan ƙananan duwatsu ja da shuɗi, ƙashin ya yi santsi ya yi ja saboda shekaru da hannuwa.

Kwamanda ya san ta sarai. Dada, mahaifiyar Sauda, ita ta yi ta da ƙashin ƙafar ragon da aka yanka ranar sunan Saudar. Dada ta rasu Sauda na da shekara tara, ba ta bar hoto ba, ba ta bar ɗan kunne ba, wannan ƙashin kaɗai ne abin da hannunta ya taɓa da ya rage a duniya. Shekarar da ruwa ya ci New Bell har gwiwa, Kwamanda rediyo ya ɗora a ka, Sauda kuwa wannan ƙullin ta cusa a ɗankwali.

"Da ita na koyi goyo," in ji Sauda tana shafa kitson da ɗan yatsa. "In ɗaura ta a baya da tsumma, in dafa mata tuwon ƙasa a murfin kwalba. In ta ƙi ci in yi mata faɗa da muryar Dada. Fauziya ma da ita ta yi wasa. Mijinta ya ce sunan Dada za a sa wa jaririyar. Ranar suna zan ajiye mata ita a gefen kai."

"Ku mata wasanku ba wahala," in ji Kwamanda. "Mu fa injiniyoyi ne. Gwangwanin sardin, ɓargon gwangwala, a yanka tsohon silifas a yi taya. Motar da na ƙera ina ɗan shekara goma, har fitila gare ta. Tun daga layin dogo har kasuwa yara ke bin ta. Wani Bature ya tsayar da tasa motar don ya kalli tawa."

"Tana ina yanzu?"

"Jirgin ƙasa ya taka ta. Na yi kuka kwana biyu." Wannan kam gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta fito gajeriya.

Sauda ta mayar da ƙyallen ta rufe. "Malam, na yi shiru a kan buta, na yi shiru a kan katifa. Ka fitar da karen nan kafin suna."

"Dattawa za su zo, a ranar za a naɗa ni. Kwamanda ba kare, wa ya taɓa gani? Zan ɗaure shi ɗaurin ma'aikatan jirgin ruwa, wanda ko giwa ba ta kwancewa."

"Na dai gaya maka."

Ranar suna aka tashi da ruwa, irin ruwan Duwala da ba ya sallama ba ya ban kwana. An kafa tamfol a tsakar gida tun jiya, an tokare tsakiyarsa da gungumen gora. Kwamanda ya duba ko'ina bai ga abin da ya kai goran nan ƙarfi ba, sai ya ɗaure Biju a jikinsa, ya yi ƙulli bakwai, ya ja da baya yana yaba aikinsa. Ruwa ya ɗauke wajen ƙarfe bakwai, ya bar tamfol ya yi ciki, ya tara abin da zai cika duro biyu a saman kawunan mutane.

Maza suka zauna a tabarmin aro. Aka raba goro da alewa, Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna Bilkisu, sunan mahaifiyar Sauda, za a riƙa kiranta Dada. Mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Fauziya tana bayan gida, tsofaffi na yi mata wankan safe da ruwan zafi da ganye. Sauda kuwa ta ɗinka wa 'yar tsana sabon zane, ta shafe ta da man shanu har tana ƙyalli, ta ɗora ta a faifai a bakin ƙofar ɗaki, ta juya ɗauko turare.

Ƙashi, ga man shanu. Iska ta kai wa Biju labari.

Kwamanda ya miƙe ke nan ya gyara murya. "Jama'a, tunda Allah ya tara mu, batun shugabancin nan..."

Ƙullin bakwai ɗin nan, a faɗi gaskiya, ba wanda ya kwance. Goran ne ya taho gaba ɗaya. Tamfol ya sauko da ruwansa a kan dattawan New Bell, rawuna da manyan riguna da farantin goro, kowa ya sha wankan da bai yi niyya ba. Ana ta salati a ƙarƙashin tamfol ana neman hanyar fita, Biju ya ratsa da gora a bayansa yana share kwanoni, ya kai bakin ƙofa, ya ɗauke 'yar tsana a faifai.

Ihun da Sauda ta yi, ba wanda ya taɓa jin irinsa a bakinta.

Kwamanda ya fito daga ƙarƙashin tamfol da rarrafe ya bi kare. Biju ya ga an zo wasan da yake so. Ya zaga randa, Kwamanda ya zaga. Ya tsallake tukunyar waina, Kwamanda ya shiga cikinta da ƙafa. Igiya ta tsinke daga jikin goran, kare ya fice layi, ya tsallake kwatar nan da aka sace wa katako. Kwamanda ya manta an sace. Sai da Hammadu da mutum biyu suka janyo shi, baƙi ƙirin tun daga ƙirji har ƙasa, yana wari.

"Ashiya, sannu Kwamanda," in ji Hammadu. "Kwanton ɓauna ne wannan ma?"

Biju kuwa ya riga ya koma cikin gida. Suka tarar da shi a tsakiyar fili, jama'a sun yi masa da'ira, 'yar tsana a gicciye a bakinsa, wutsiya na kaɗawa, yana jiran wanda zai zo a ja.

"Kada wanda ya ja!" in ji Sauda. "Za ta karye!"

Aka miƙa masa hantar rago. Ya dube ta da gefen ido, bai buɗe baki ba. Aka ce saki, aka ce lef am, aka ce yoofu. Liman, rawani na ɗiga, ya ce, "Malam Ɗanlami, karenka ne. Yi masa magana."

Nan fa Kwamanda ya ga ya shiga tsaka mai wuya. Kalma uku gare shi a duniya, kuma a saninsa kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Ya ce a ci, a cinye 'yar tsana? Ya ce kashe?

"Faɗi ta ukun mana," in ji Hammadu. "Yau in ba ta yi amfani ba, sai yaushe?"

"Ka yi hauka? Ga mata, ga jaririya?" Ya durƙusa a gaban karen, ruwan kwata na zuba daga rigarsa. "Biju. Bijimi. Ɗan'uwa. Dubi girman Allah. Na ɗauko ka daga Bonaberi, na rasa takalmi saboda kai. Ka rufa mini asiri."

Biju ya ji daɗin muryar, ya gyara riƙo. Aka ji ƙaras. Dutsen jigida ɗaya, shuɗi, ya faɗo ya gangara har gaban Sauda.

Ta sunkuya ta ɗauka. Kwamanda ya ɗago ya ga hawaye na bin fuskarta, ba ta ko sharewa, a gaban maza, a gaban surukai. Shekara talatin da aure bai taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba. Ya nemi magana, karo na farko a rayuwarsa ya rasa.

Sauda ta tako har gaban karen. Ta yi masa magana, kowa ya ji.

"Ka ci buta, na yi shiru. Ka ci tabarma, ka ci katifar da nake kwana. Abu ɗaya uwata ta bar mini, shi ma ka ɗauka. To me ya rage? Ga ta nan a bakinka. Lashe! Lashe ka huta!"

"Innalillahi!" Kwamanda ya zabura. "Ta faɗa! Ku gudu! Kowa ya yi ta kansa!"

Shugaban tsaron da ake shirin naɗawa shi ya fara arar na kare. Ya ture surukinsa, ya taka farantin alewa, ya dafa bakin duron ruwan sama zai haye katanga, hannunsa ya zame, ya faɗa ciki da ka, ƙafafu a sama suna harbin iska.

Biju kuwa, jin kalmar ke da wuya ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki a hankali, ya ajiye 'yar tsana a kan ƙafar Sauda. Ya ja da baya taku biyu, ya tsaya yana kallonta, yana jiran a yaba masa.

Tsakar gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙafafun Kwamanda na bugun duro.

Daidai nan Fauziya ta fito daga wanka, lulluɓe da zane, tururi na tashi daga kafaɗunta. Ta ga tamfol a ƙasa, ta ga dattawa jiƙe, ta ga ana zaro ubanta daga duro. Aka gaya mata abin da ya faru a gurguje. Ta dafe ciki, don dariya na yi mata zafi.

"Wayyo Baba! *Lâche* ne fa! Saki ke nan da Faransanci. *Assis*, zauna. *Couché*, kwanta. Karen nan tun da ya zo duk abin da ka ce masa shi yake yi. Kalma ɗaya da za ta hana shi ɓarna ita ce ka hana a faɗa."

"Biju ɗin fa?" in ji Hammadu. "Ba bijimi ba ne?"

"*Bijou*. Abin ado. Kamar ka ce ɗan lele."

Liman ne ya fara. Ya yi ƙoƙari ya danne, ya sa gefen jiƙaƙƙen rawani a baki, abin ya fi ƙarfinsa. Daga nan gidan ya ɗauka, maza da mata, har matar gidan baya da ke leƙe ta katanga. Hammadu ya zauna a ƙasa yana buga cinya yana cewa, "A ci! A ci!" Biju kuwa duk lokacin da ya faɗa sai ya zauna.

Sauda ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki 'yar tsanarta ta juya ta a hannu. Haƙori ya bar rami biyu a wuya, sabon zanen ya yage, kitso ya warware gefe guda, amma ƙashin bai karye ba. Ta wanke ta sau bakwai kamar yadda Liman ya ce, ta mayar da shuɗin dutsen a zarensa, ta shiga ɗaki ta ajiye ta a gefen kan Dada ƙarama. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idonta ya bushe.

Ta tarar ana ja-in-ja a ƙofar gida. Dattawa sun yanke cewa a mayar da karen wurin Bukar, Hammadu ya kama igiya zai tafi da shi. Kwamanda, jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya da ƙullun waina, ya riƙe ɗaya bakin igiyar da hannu biyu ya ƙi saki. Har muryarsa ta fara dawowa.

"Ku tsaya ku ji! Ai da gangan na yi. Gwaji ne, in ga ko jama'a za su iya gudu cikin tsari. Kuma in ba don na ɓoye kalmar ba, da ta yi tasiri haka? Yanzu da na gane harshensa, ku ba ni mako ɗaya kawai, wallahi ɓarayin Duwala..."

"Malam," in ji Sauda, ba ta ko ɗaga murya ba.

Ya waiwayo. "Na'am?"

"Lashe."

Kwamanda ya dubi matarsa, ya dubi igiyar da ke hannunsa. Ya saki.